Kwamfuta da Almakashin Tela

Ƙyallayen da akan share daga shagon tela kowace yamma kuɗi ne ake zubarwa. Asarar daga wajen yanka take farawa, domin wuyan riga da hammata suna da lanƙwasa, ba sa jeruwa daidai bisa yadi. A yau akwai manhajoji, alal misali Seamly2D, wadda kyauta ce, da ƙaramin tela zai zana sassan riga da su a kwamfuta, ya jera su dab da juna, ya ga abin da zai rage tun bai ɗauki almakashi ba. Ragowar sai ta zama aljihu ko hula. Babbar rigarmu ta saƙi kuwa ba ta cika barin ƙyalle ba, tun da ƙwarya-ƙwarya ake saƙa ta, a harhaɗa a miƙe.