Raguwar Gudun Inji da Matsalar Gwamna a Tsohuwar Tarakta: Misali Daga Massey Ferguson 135

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tsofaffin taraktocin da har yanzu suke aiki a gonaki akwai Massey Ferguson 135, wadda aka riƙa ƙerawa tun daga 1964, akasari a birnin Coventry na ƙasar Ingila. Mafi yawansu suna ɗauke da injin Perkins mai silinda uku, wanda yake amfani da man gas. Ƙorafin da aka fi yi game da irin wannan tarakta shi ne raguwar gudun inji, musamman idan garma ta shiga ƙasa. Sau da yawa akan ɗora wa gwamna laifi nan take. Wannan maƙala ta nuna cewa gwamna shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, domin taɓa shi cikin gaggawa yana iya jawo asarar inji dungurungum a tsakiyar damina.

2.0 Ma'anar Gwamna da Aikinsa

Gwamna na'ura ce da take daidaita yawan man da yake shiga inji, ta yadda gudunsa zai tsaya inda direba ya ajiye totur. Sunan aro ne daga Ingilishi, kuma tushensa ɗaya da na gwamnan da yake mulkin jiha. James Watt ya yi amfani da irin wannan na'ura a injin tururi a 1788, sannan James Clerk Maxwell ya yi bayanin lissafinta a 1868.

A wannan tarakta, gwamna yana cikin famfon injekta samfurin CAV DPA. Yana da ƙananan ƙarafa masu nauyi da suke juyawa tare da inji. Idan gudu ya ƙaru sai su buɗe, su tura bawul ɗin awon mai ya rage mai. Idan nauyin garma ya danne inji sai su tsuke, sifirin ya ja bawul ɗin ya ƙara mai. Ke nan gwamna rabo kawai yake yi. Ba zai iya raba man da bai iso gare shi ba.

3.0 Matakan Bincike

Matakin farko shi ne a gwada inji ba tare da kaya ba. Cikakken gudun wannan inji yakan kai juyi 2,250 a minti ɗaya. Idan ya kai haka a tsaye amma ya shaƙe a lokacin huɗa, to akwai alamar ƙarancin mai ko iska, ko kuma injin ya gaji. Idan kuwa ko a tsaye bai kai ba, sai a duba sandunan totur, domin mahaɗarsu takan ci har hannun famfo ya kasa isa ƙarshen zangonsa. Haka nan a tabbatar maɓallin kashe inji ya koma mazauninsa sosai.

Mataki na biyu shi ne bin hanyar mai tun daga tanki: rariyar bakin tanki, ƙaramin famfon da yake ɗago mai, da filta. Datti ko ruwa yakan toshe su. Iskar da ta kutsa cikin bututu kuma takan sa gudu ya riƙa hawa da sauka, alamar da take kama da lalacewar gwamna, alhali fitar da iskar kaɗai ya isa magani.

Mataki na uku shi ne matatar iska, wadda ƙura take saurin cikawa. Launin hayaƙi yana taimakawa a nan. Baƙin hayaƙi yana nuna ƙarancin iska ko lalacewar nozul, shuɗi yana nuna inji yana cin baƙin mai, rashin ƙarfi ba tare da hayaƙi ba kuwa yana nuna mai ne bai wadata ba.

4.0 Idan Laifin na Gwamna ne

Sai an kawar da waɗannan dalilai kafin a koma kan famfo. Sifirin ɗin gwamna yakan saki saboda tsufa, bawul ɗin awo kuma yakan cije idan tarakta ta daɗe a ajiye. Man gas ɗin da yake ratsa famfon shi ne yake shafe ƙarafansa, saboda haka man da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana saurin cinye su.

Akwai sukurun da yake iyakance gudu, wanda kamfani ya rufe da hatimi. Wasu makanikai sukan kwance shi domin inji ya ƙara ƙara. Wannan ba ya dawo da ƙarfin da ya ɓata. Yana ba inji damar wuce iyakarsa ne kawai, har sandar fistin ta iya karyewa. Gyaran famfo aiki ne na masu injin gwaji na musamman.

5.0 Kammalawa

Bincike mai tsari yana farawa daga abu mai araha zuwa mai tsada: totur, mai, iska, sannan famfo. Manomin da ya bi wannan jeri yakan tarar da cewa kuɗin filta ɗaya ya raba shi da matsalar da ya zaci sai an sauke famfo.