Azumin Kirista a Talata Mafara: Barin nama ya fi barin gaba sauƙi

Duk shekara, tsakanin Fabrairu da Afrilu, Kiristoci kan shiga azumin kwana 40 kafin bikin Ista. A Talata Mafara da Bakura da Maradun ba kowa ke lura da shi ba, domin Kiristocin yankin 'yan tsiraru ne, galibinsu 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. A 2025 azumin nasu ya fara ne ranar 5 ga Maris, kwana huɗu bayan Musulmin Najeriya sun ɗauki na Ramadan.

Ranar farko ita ce Larabar Toka. Mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda a Zamfara suke ƙarƙashin Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, kan je coci a shafa musu toka a goshi. Ana samun tokar ne daga ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a bikin bara, don tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito, kuma can zai koma. Ba a ƙirga ranakun Lahadi cikin kwana 40 ɗin.

Idan Musulmi ya ji dokar azumin, zai ce ai wannan da sauƙi. Ana shan ruwa. Kwana biyu kacal aka wajabta rage ci, wato Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye Yesu Almasihu, inda ɗan shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya. Sai kuma barin nama kowace Juma'a. A yankin da madatsar ruwa ta Bakolori ke ba da kifi, wannan ba wani abin wahala ba ne. Ga tsadar rayuwa kuma, wadda ta riga ta cire nama daga tukwane da yawa ba tare da umarnin wani limami ba.

Shi ya sa koyarwar cocin ke ɗora nauyin a kan zuciya. Karatun da ake yi a Larabar Toka, daga sura ta 6 ta Linjilar Matiyu, gargaɗi ne a kan riya: kada mai azumi ya ɓata fuska don a gane yana azumi, kada mai sadaka ya yi shela. Ana so mai bi ya je gaban fada ya furta zunubansa, ya mayar da haƙƙin da ya ci, ya kuma yafe wa wanda ya cuce shi.

Wannan na ƙarshe shi ne mai nauyi a nan. A watan Agustan 2016 mutum takwas suka rasa rayukansu a Talata Mafara, bayan an zargi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da yin ɓatanci. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 kuma, ana tsakiyar azumin Kirista na shekarar, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Satumba suka sake kwasar ɗalibai a Ƙaya ta Maradun. Ɗan bindiga ba ya tambayar addinin wanda zai sace, amma wanda ya sayar da shago ko gona ya biya kuɗin fansa, sannan ya zauna a coci ana ce masa ya yi wa maƙiyinsa addu'a, ya san ba ƙaramin abu ake nema a wurinsa ba.

Yafiyar ba ta nufin a daina neman adalci. Bishop Kukah kansa ya yi suna wajen caccakar gwamnati kan rashin tsaro a saƙonninsa na Ista da Kirsimeti. Abin da ake so a kashe shi ne ƙullatar da kan sa mutum ya ɗora laifin 'yan tsiraru a kan maƙwabcinsa, wanda shi ma wataƙila yana jiran ɗansa ya dawo daga daji.

A Juma'ar gicciyen akwai doguwar addu'a da Katolika ke yi a duk duniya. Ana roƙa wa shugabanni shiriya, matafiya su isa lafiya, waɗanda ke tsare su kuɓuta. A Talata Mafara, da yawa daga masu amsa "amin" suna da sunan wani takamaimai a ransu.