Ɗanki Na Koyon Gyaran Jikin Mota? Ki San Kayan Aikin Ƙofa Kafin Ki Kwashi Adashi

Duk motar hayar da ke zirga-zirga tsakanin Kibiya da Rano da birnin Kano, idan aka duba ta da kyau, ƙofarta ce ta fi shan wahala. Ita ake bugawa sau da yawa a wuni, ita ake dannawa da ƙarfi idan fasinja ya yi yawa, ita babur ke gogewa a ranar kasuwa. Da kaka kuwa, lokacin da ake lodin buhunan masara da dawa daga Tarai da Durba da Fammar, ba wuya a ga motar da aka ɗaure ƙofarta da igiya.

Wannan ya sa gyaran ƙofa ya zama abincin yau da gobe na mai gyaran jikin mota, wanda ake kira fanel-bita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan mota suka yi tsada, sai masu mota suka fi karkata ga gyara abin da suke da shi.

Uwargida, ta fuska biyu maganar nan ta shafe ki. Wata na da ɗa a gareji, kuma ranar da ogansa zai yaye shi, ita za a zuba wa ido ta taimaka da kuɗin kayan aiki. Wata kuma ba ta da kowa a gareji, amma 'ya'yanta a jikin wannan ƙofa suke jingina duk ranar da za a je asibiti ko biki.

Me ke cikin ƙofar mota?

A ido ƙofa faranti ɗaya ce, amma hawa-hawa take. Akwai murfin ciki, wanda ake yi da roba ko kwali mai ƙarfi a lulluɓe da yadi. A bayansa akwai leda da aka manne. Sai ƙashin ƙofar na ƙarfe, inda injin ɗaga gilashi da makulli da wayoyi suke. Daga waje kuma sai fatar ƙofa, wato siririn ƙarfen da ake yi wa fenti.

Tsakanin fata da ƙashi akwai wani ƙarfe mai kauri da aka gicciya. Aikinsa shi ne tare mota ko babur da ya daki ƙofar daga gefe, kada ya shigo kan wanda ke zaune. A Amurka tun 1973 doka ta wajabta wa masu ƙera motoci ƙarfafa ƙofofin gefe, kuma motocin gwanjo da ake shigo mana da su daga can da Turai suna ɗauke da wannan ƙarfe. Ki riƙe shi a ranki, za mu dawo kansa.

Kayan cire murfin ciki

Wannan ne aikin farko da ake bai wa yaron gareji, kuma a nan ake gane tarbiyyar hannunsa. Murfin ciki yana manne ne da 'yan sukurori da wasu ƙananan maɓallan roba da ake kira kilif. Mai gaggawa sai ya zura sukudireba ya ɓanɓare, kilif su karye, fenti ya karce. Daga ranar ƙofar za ta fara kaɗawa a kan hanya.

Abin da ya dace shi ne 'yan sandunan roba masu faɗin baki da aka yi musamman don wannan aiki, da wani ƙarfe mai baki biyu kamar cokali mai yatsu wanda ke shiga ƙarƙashin kilif ya ɗago shi lafiya. Ba su da tsada idan aka kwatanta da sauran kaya, amma yara da yawa ba su da su.

Sai sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da jerin soket da sifana. A nan akwai abin lura. Motocin Japan irin su Toyota da Honda sun fi amfani da lamba 10 da 12 da 14. Motocin Jamus kuwa, irin Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu, suna son lamba 13 da makullai masu bakin tauraro. Idan za ki saya wa ɗanki, ki tambaye shi irin motocin da suka fi zuwa garejinsu, kada a kashe kuɗi a kan abin da zai kwanta a akwati.

Ya kuma riƙa ajiye ƙullin sababbin kilif. Roba idan ta sha zafin rana shekara da shekaru takan bushe, ko gwani ne ya cire sai wasu sun karye.

Kayan sauke ƙofa da mayar da ita

Ƙofa na da nauyi, kuma hinji biyu ne kaɗai ke riƙe da ita. Kafin a kwance noti, mai hankali yakan zagaye gurbin hinjin da alli ko maka, domin ya mayar da ita daidai inda take. Yakan tallafe ta da jak da guntun katako, ko ya sa wani ya riƙe. Ƙofar da aka mayar a karkace sai an doka ta da ƙarfi take rufuwa, ƙura da ruwan sama kuma su riƙa shiga.

Idan motar tana da gilashin lantarki, musamman masu jakar iska ta gefe, a cire kan batir tukuna kafin a taɓa wayoyi. Wasu motocin a cikin ƙofar ake saka na'urar da ke jin bugu ta tayar da jakar iskar.

Guduma da maƙerar hannu

Su ne asalin sana'ar. Gudumar fanel-bita ba irin ta kafinta ba ce: ba ta da nauyi, fuskarta a goge take sumul. Abokiyar aikinta ita ce maƙerar hannu, dunƙulen ƙarfe mai santsi da ake tarawa ta bayan lotsawar yayin da ake bugawa ta gaba. Ana samun ta siffa-siffa, saboda jikin mota ba a miƙe yake ba.

Idan fatar ƙofa ta lalace ƙwarai amma ƙashin yana nan lafiya, ana iya sauya fatar kaɗai. Gefenta a naɗe yake a kan ƙashin kamar kalmasar zane. Sai a goge bakin naɗin da injin guga, a huda ɗigon waldar kamfani da injin huda, a ɗaye tsohuwar. A share tsatsa, a shafa maganinta, a ɗora sabuwa, sannan a naɗe bakin a hankali da guduma da maƙera ko da filaya ta musamman. Ba a naɗewa a bugu ɗaya, sai an zagaya sau biyu ko uku. A ƙarshe a toshe bakin da gam ɗin hana ruwa.

Gaskiyar magana, a wajenmu ba kasafai ake samun sabuwar fata ba. An fi buge lotsawar, ko a tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo ƙofa sukutum ta gwanjo. Don haka guduma da maƙera masu kyau sun fi wa ɗanki amfani a farko fiye da filayar naɗi.

Walda, bodi-fila da fenti

A nan kuɗi yake, a nan kuma haɗari yake. Garejin ƙauye da yawa suna aiki da waldar kabaid: ana zuba ruwa a kan kabaid a cikin tukunyar ƙarfe, ya fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, a haɗa ta da iskar oksijin. Idan wuta ta koma baya ta cikin tiyo, tukunyar na iya fashewa. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a kan tiyo don tare wutar. Ki tambayi ɗanki ko na garejinsu yana da shi.

Waldar lantarki kuma haskenta ke ƙona ido. Ciwon ba ya tashi nan take, sai cikin dare yaro ya farka yana jin kamar an zuba masa yashi. Kada a ɗiga masa madara ko ruwan wani ganye. A rufe idon daga haske, a kai shi asibiti idan gari ya waye. Tabarau na kwalliya ba ya hana wannan, sai gilashin walda na ainihi.

Ƙurar bodi-fila da ake gogewa da samfefa da tururin fentin feshi suna shiga huhu. Fentin mota mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da aka tabbatar yana jawo asma. Ɗaure hanci da hankici ba ya tare shi. Idan kin ji ɗanki na yawan tari da dare ko numfashinsa na shesheƙa tun da ya fara feshi, kada ki ɗauka mura ce.

Idan kuɗin bai kai ba, da me za a fara?

Farashi yana sauyawa kusan kullum, don haka a je kasuwa da wanda ya san kaya, a taya a shago fiye da ɗaya. Amma jerin fifiko ba ya sauyawa:

Na farko, kayan kare kai: gilashin walda, tabarau na guga, takunkumi mai matata, safar hannu da takalmi rufaffe.

Na biyu, kayan hannu: guduma biyu ko uku, maƙerar hannu, soket, sifana, sukudireba, filaya da sandunan roba. Da waɗannan kaɗai yaro zai iya karɓar ƙananan ayyuka ya fara tara nasa.

Na uku, injin guga da injin huda. Ki tuna suna buƙatar wuta, kuma a inda lantarki ba shi da tabbas, lissafin janareta da mai yana biye da su.

Na ƙarshe, kayan walda da injin feshi. Waɗannan ana iya haya ko a yi tarayya da wani har a samu hali.

Soket da sifana na gwanjo masu inganci sukan fi sababbi masu araha ƙarko. Amma kayan kare ido da huhu, a sayi sababbi.

Kafin ki miƙa shi ga oga

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yarda iyaye su sa yaron da ya haura shekara 12 amma bai kai 16 ba koyon sana'a, da amincewarsa, a rubuce, kuma kada wa'adin ya wuce shekara 5. Ko da a gaban mai unguwa aka yi maganar, a rubuta: shekara nawa zai yi, wa zai ciyar da shi, ƙarfe nawa zai tashi don ya samu zuwa makaranta da islamiyya, kuma me oga zai ba shi ranar yaye. Kada a bar ƙaramin yaro kusa da tukunyar kabaid ko feshi.

A bincika ko ogan yana cikin ƙungiyar masu gyaran motoci ta NATA, domin idan saɓani ya taso akwai inda za a kai ƙara. Bayan ya ƙware, ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da mataki uku. Hukumar NDE ma tana da shirin koyar da sana'o'i da ake iya tambaya a kai. Takarda ita ke buɗe masa ƙofar aiki a kamfani ko ma'aikata idan ya so.

Ke mai shiga mota da yara

Idan an gyara ƙofar motar gidanku, ki sa maigida ya duba waɗannan kafin ya biya:

Ƙarfen nan na tsakiya. Idan ya lanƙwashe, ba a gasa shi da wuta a miƙe, domin zafi yana kashe masa ƙarfi. Ƙofar ake sauyawa. Fata mai sheƙi a kan ƙarfen da ya mutu yaudara ce.

Makullin yara. A gefen ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗe ta daga ciki. A kunna shi, a shiga, a ja hannun ƙofar a gani. 

Rufuwa. Makullin ƙofa mataki biyu gare shi. Ta rufu har na biyu ba tare da an doka ta ba, kuma tazarar da ke tsakaninta da jikin mota ta zama daidai sama da ƙasa.

Leda da ramukan ƙasa. Ruwan sama yana shiga ƙofa ta gefen gilashi, ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasanta. Idan an toshe su da bodi-fila, ko an yar da ledar ciki, damina ɗaya ta isa tsatsa ta fara cin ƙofar, murfin kuma ya jiƙe ya ruɓe.

Kaurin bodi-fila. A ɗora maganaɗisu a kan wurin da aka gyara. Idan ya kama a sauran jikin ƙofar amma ya ƙi kamawa a nan, an cika ramin ne da fila maimakon a buge shi, kuma zai tsage.

A motar haya kuwa, idan kin ga ƙofa da igiya ko wadda sai daga waje ake buɗe ta da dabara, kada ki zaunar da yaro a jikinta. Ki sa shi a tsakiya, ko ki jira ta gaba.

Iyaye mata da 'ya'yanku suka riga suka gama koyon wannan sana'a, ku faɗa mana a ƙasa: da wane kaya kuka fara, kuma wanne kuka saya daga baya kuka ga da an jira? Wata uwar tana nan tana lissafin kwasar adashinta, amsarku za ta yi mata amfani.