In An Ɗaure Ɗan'uwanka, Wa Zai Biya Lauyan Ɗaukaka Ƙara?

Sau da yawa in kotu ta ɗaure mutumin ƙauye, sai danginsa su sayar da shanun huɗa, ko su jinginar da gona don neman kuɗin lauya. Waɗansu kuwa sai su haƙura, su ce ɗaukaka ƙara ta masu kuɗi ce. Ba haka ba ne.

A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumar ba talakawa lauya kyauta, wadda a allon ofishinta za ku ga an rubuta Legal Aid Council. An sake dokarta a 2011. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da ofishi a kowace jiha.

To, wa ya cancanta? Dokar ta ce wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, watau Naira 70,000 a wata tun 2024. Wanda ya ɗara haka ma akan duba shi in akwai dalili na musamman. Manomi ba shi da takardar albashi, saboda haka sai ya faɗi gaskiyar abin da yake samu. Wanda ya ɗaure dami arba'in kada ya ce goma. Ƙarya a nan laifi ce. Ana kuma duba irin laifin. Kisan kai, fashi da makami, fyaɗe, sata da yi wa mutum rauni duk suna ciki.

Amma abin da ya fi cutar mutanenmu shi ne jinkiri. Kwanakin ɗaukaka ƙara ƙidayayyu ne, daga ranar da aka yanke hukunci ake fara lissafi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne. Daga nan zuwa Kotun Ƙoli kuwa kwana 30 kacal. Dangi suna cewa bari a gama girbi, bari a sayar da gyaɗa, kwanaki kuwa suna ta tafiya. In sun ƙare sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci, ita kuwa sai ta ji dalili mai ƙarfi. Ɗaurarre yana iya sa hannu a takardar ɗaukaka ƙara yana cikin gidan yari, ma'aikata su miƙa ta kotu, tun bai sami lauya ba.

Takardar nan ba ƙaramin abu ba ce ga wanda aka yanke wa hukuncin kisa, gama ba a zartar da shi muddin ƙararsa tana gaban kotu. An taɓa kashe wani a Jihar Oyo tun ba a saurari tasa ba, a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta keta doka, ta kuma ba iyalinsa gaskiya.

In za ku ofishin hukumar, ku tafi da sunan kotun, da lambar shari'ar, da ranar hukunci, da sunan gidan yarin da yake.