Hoton Jiya da na Yau: Yadda Ake Kama Sauyin Zuru da Kyamara

A gidaje da dama na ƙasar Zuru akwai wani irin hoto da za ka tarar rataye a bango, ko a ƙasan akwatin tsohuwa: saurayi cikin kakin soja, ya zo hutu, ya ƙame a tsakar gida, mai hoto ya ɗauke shi. Ba abin mamaki ba ne, domin an daɗe da sanin Zuru da ba Nijeriya sojoji. 'Yan gida in sun ɗauko hoton, fuskar ɗansu suke kallo. Ni kuwa bayansa nake leƙawa: rumbun ƙasa da jinkarsa, dangar kara, ɗorawar da ta yi wa gidan inuwa, can nesa kuma ga dutse. Mai hoton bai nufi ɗaukar waɗannan ba, shigowa suka yi da kansu. Amma yau da kwano ya maye gurbin jinka, bulo ya kori danga, su ne shaidar yadda gidan yake a da.

Idon mutum ba ya ganin sauyin da ke tafiya sannu. Uwa ba ta lura da girman ɗanta, sai baƙon da ya shekara bai zo ba ya ce, "Kai, yaron nan ya miƙe!" Haka gari yake ga mazauninsa. Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, wannan kowa ya ji a rediyo. Amma gonar da ta koma fili, filin ya koma unguwa, ko kwazazzabon da ke cin taku ɗaya kowace damina, babu ranar da aka yi shelarsu. Kyamara ce ke iya zama wannan baƙon, da sharaɗin a ba ta hoto biyu na wuri ɗaya. Hoto ɗaya yakan ce ga yadda abu yake. Sai an aza na biyu kusa da shi ake ganin abin da ya tafi da abin da ya zo.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma mafi wuyarta ita ce tsayuwa daidai inda aka tsaya da farko. Gwada wannan: miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ido. Za ka ga yatsan ya yi tsalle, alhali bangon da ke bayansa bai motsa ba. Haka kyamara take. In ka gusa taku biyar zuwa dama, abin da ke kusa zai kauce sosai, na nesa kuwa kaɗan, sai bishiyar da ke tsakiyar hoton farko ta ɓuya bayan gini, mai kallo ya ɗauka sare ta aka yi. A nan Zuru ta yi sa'a, domin ƙasa ce mai duwatsu, kuma dutse ba ya ƙaura. Ka nemi abu biyu masu dawwama, ɗaya kusa, ɗaya nesa, misali kusurwar gada da ƙololuwar dutse. Ka riƙe tsohon hoton a hannu, ka yi ta matsawa gaba da baya, hagu da dama, har sai kusurwar ta faɗa daidai inda ta taɓa dutsen a hoton farko. In sun haɗu, ka taka sawun mai hoton farko ke nan. Tsayin da ka riƙe wayar ma yana da tasiri, haka nan lambar kusantowa: in ka fara da 1x, kada ka dawo da 0.5x, don wannan na buɗe fili ya mayar da na nesa ƙanana.

Sai lokacin shekara, kuma nan ne hoto ya fi yin ƙarya ba tare da mai shi ya nufa ba. Ɗauki gefen dutse a watan Agusta, dawa ta rufe ko'ina, sannan ka sake ɗaukarsa a Maris bayan an ƙone ciyawa. Wanda bai san ƙasar ba zai rantse hamada ce ta ci wurin, alhali damina da rani ne kawai. Gawo kuwa nasa a juye yake: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi shar. Hazon hunturu na iya shafe dutse gaba ɗaya daga hoto. Hatta inuwa tana da kalandarta. Zuru na sama da layin da ya raba duniya biyu da digiri 11 da 'yan kai, saboda haka da tsakar rana a Disamba inuwa arewa take faɗuwa, a Yuni kuma kudu. Mai son a gaskata shi sai ya dawo a wata ɗaya, a sa'a ɗaya.

Kada a ɗauka wannan wasan masu waya ne. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana cewa bishiyoyi ƙarewa suke yi. Tun daga 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya riƙa ƙarfafa manoman Maraɗi su bar tohon kututture a gonakinsu su riƙa gyara shi maimakon sassabe shi. Abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da hayaniya ba. Sai da masanin taswira Gray Tappan na Amurka da abokan aikinsa suka gwama hotunan sama na 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan kusan shekara 30, aka ga ƙauyuka irin su Galma sun fi da yawan itatuwa nesa ba kusa ba. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan 5. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne hoton bai tabbatar da abin da ake tsammani ba, ƙaryata shi ya yi. Mu ma muna ganin buhunan gawayi jere a bakin hanya, muna cewa kaɗanya da ɗorawa na raguwa. Ina jin haka ne. Amma wane gefe ya fi asara, wane manomi ne ya tsare nasa, sai hoto biyu su faɗa.

Tsohon hoton da ba a rubuta masa rana ba ma yana iya faɗin shekarunsa, in an iya tambayarsa. Allon makaranta ko ofis da ke cewa Zuru a Jihar Sakkwato take yana nuna an kafa shi kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Motoci na tafiya ta hannun hagu, to kafin Afrilun 1972 ne. Farashi da fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Sauran kuma sai a kai wa dattijon gida, tun yana nan.

Me ya kamata a ɗauka? Ranar Uhola, bikin da Lelna, wato Dakarkari, ke yi bayan an kawar da amfanin gona, wayoyi ba sa ƙirguwa, kuma hakan daidai ne. Amma biki ado ne na yini. Abin da ke sulalewa ba a sani ba shi ne na kullum: samarin golmo a jere bisa kunya suna noma gonar surukai, tukunyar ƙasa kafin roba ta gama korar ta, yadda ake yaɓe rumbu, rumfunan kasuwa, mashigin rafi da mata ke wanki. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ce, Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, kuma akwai ƙauyukan da rashin tsaro ya tashe su a 'yan shekarun nan. Ga wanda ya baro garinsu da kayan jikinsa, hoton ƙofar gidansu ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan halin na rashin tsaro kuma shi ya sa dole a yi hattara. Kada a ɗaga waya a shingen jami'an tsaro. Kada a ɗauki wurin tsafi ko makabarta ba da yardar masu su ba. Matar da ke tallarta a gaishe ta, a nemi izini, in ta ƙi a haƙura.

Saura ajiya, inda yawancinmu muke faɗuwa. Waya na rubuta rana da sa'a a cikin kowane hoto, amma in aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi, bayanan kuma su goge. In aka tura shi a matsayin fayil, sai ya isa yadda yake. Waya na ɓata, katin ajiya na lalacewa. Saboda haka a wanke muhimman a takarda, a rubuta a bayansu da fensir: wuri, rana, sa'a, da inda aka tsaya.

Ɗan'uwa, in kana Zuru ko Dabai ko Ribah ko Mahuta, zaɓi wuri uku kacal da kake wucewa kullum. Ɗauke su a wannan makon, ka rubuta ranar, ka dawo baɗi war haka.