Wandon Ciki Mai Soso: Maganin Cin Sirdi

Akwai wata lalura da mu mahaya keke ba mu cika faɗinta ba don kunya. Wanda ya taɓa tuƙa keke kilomita 30 a zafin Garwa ko Marwa, da buhun gero a baya, ya san ta. Matsematsi ya saluɓe, wani lokaci har maruru ya fito, mutum ya kwana uku yana tafiya kamar sabon kaciya. A makaranta mun sha ganin ɗalibi daga ƙauye ya kasa zama a benci, a ce masa rago, alhali sirdi ne ya ci shi.

Kada mai karatu ya raina abin. A shekarar 1989, a babbar tseren keke ta Faransa, Laurent Fignon ya shiga ranar ƙarshe yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, amma kuma yana fama da gyambon sirdi wanda ya hana shi zama sosai. Da aka isa Paris sai LeMond ya kayar da shi da daƙiƙa 8 kacal, bayan mako uku ana gwabzawa.

Masu tsere sun daɗe suna neman dabara. Da fari gajeren wandon ulu suke sawa, a ɗinka masa lallausar fata a wurin zama. Faransawa suna kiran wannan fata chamois, a kunnenmu kamar "shamuwa", sai dai ba tsuntsuwar damina ba ce, wata dabbar dutse ce mai kama da akuya. Fatar ba ta da tudu, gogayya kawai take ragewa, kuma in an wanke ta sai ta ƙandare, tilas a shafa mata mai. Daga wajen shekarun 1980 aka koma yadin roba da soso. Yanzu har akwai irin na ciki zalla, wanda za a ɗora wando da riga a kai ba wanda ya sani. Mu dai wannan ya fi mana, domin ba magidancin da zai ratsa unguwa da ɗamammen wandon 'yan tsere.

Iyayenmu mahaya doki sun riga mu gane wannan, amma su sirdin suka tufatar: zubuka a ƙasa don bayan doki, jalala a sama, ga yalwataccen wando. Duk da haka matashin da ba ya hawa sai ranar sallah shi ma yakan ji a jikinsa.

To, ga inda mutane ke kuskure. Ba a sa kamfai a ƙarƙashin wannan wando, domin ɗinkin kamfai shi ne ke yankar fata, audugarsa kuma ta sha gumi ta ƙi bushewa. Kuma duk ranar da aka hau da shi sai a wanke, a shanya a rana. Wanda ya saya a gwanjo ya wanke shi sosai tukuna, ya kuma latsa soson ya ji ko ya mutu. Ɗan man kaɗanya a inda cinya ke gogar sirdi yana taimakawa.

Yawan soso ba shi ne daɗi ba. Nauyin mutum a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai ya kamata ya sauka. In aka naɗa wa sirdi tsumma da katifa, kamar yadda muke yi, ƙasusuwan sai su nutse, nauyin ya koma tsakiya inda jijiyoyi suke. Haka nan in sirdi ya yi tsawo, ƙugu yana karkata dama da hagu a kowace feda, babu wandon da zai hana saluɓewa. A kai wa mai gyara ya sauke shi kaɗan. Wanda kuwa ya ji gabansa yana mutuwa bayan hawa, ko marurun da ya ƙi warkewa, ya jingine keken ya tafi asibiti.