Asfaragus: Kayan Lambun da Bai San An Yanke Shi Ba

Idan ka taɓa ganin asfaragus a babban kanti, ƙila ka lura a tsaye ake jera shi, dami-dami, gindinsa a kan wani abu mai danshi. Ba don ado ba ne.

Abin da ake ci a jikinsa sabon toho ne, siriri kamar ɗan mashi, ana yanke shi yana tsakiyar girma. To, bayan an yanke ma bai daina ba. Yana ci gaba da numfashi, kuma da wuya ka sami kayan lambun da ya kai shi saurin yin hakan. Tunda ba saiwa, sukarin jikinsa yake ƙonawa. Zaƙi ya gudu, sannan lignin, sinadarin da ke sa itace tauri, ya fara taruwa daga gindi yana hawa sama. Ka san tsohuwar kuɓewa, wadda in ka tauna sai zare? Haka yake komawa.

Shi ya sa a ƙasar Peru, wadda ke cikin manyan masu fitar da shi zuwa Amurka da Turai, ba a wasa da lokaci. Daga gona sai ruwa mai sanyin ƙanƙara, don a zare masa zafin rana. Daga nan sai ɗakin sanyi mai digiri 0 zuwa 2, iskarsa cike da danshi. A haka yakan kai mako biyu zuwa uku. Amma fa sanyin ma yana da iyaka: in ya wuce kwana goma a digiri 0, kansa yakan yi laushi, launinsa ya dushe.

Tsayuwar fa? In ka kwantar da shi, kan zai lanƙwashe ya nufi sama, kamar yana gona, mai saye kuwa ba ya son karkatacce. Kuma kada a haɗa shi da ayaba ko tuffa, domin iskar etilin da suke fitarwa tana ƙara masa tauri.

Akwai masu naɗe shi a leda ta musamman, ko su ƙara iskar kabon dayoksaid zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, don rage ruɓa da tauri. Yana taimakawa. Sai dai a ganina duk ƙari ne: asfaragus ɗin da ya yini a rana kafin ya ga sanyi, babu ledar da za ta maido masa da zaƙinsa.